Gargaɗi ga masu situdiyo da mawaƙa: ana yawo da iyafis ɗin Shure na jabu tsakanin Bauchi da Gombe

'Yan uwana masu situdiyo, da masu haɗa sauti a wuraren biki da wa'azi, da mawaƙan da ke sa iyafis in sun hau dandamali, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke sayar da iyafis samfurin Shure SE846 na jabu, kuma ni ya ci mini naira 280,000 mako uku da suka wuce. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne, sannan magana tana hannun hukuma. Salon damfarar zan bayyana, don shi ne zai amfane ku.

A WhatsApp na ga tallarsa. Ya ce kayan Landan ne, ragowar wani shago da aka rufe, yayansa ke turo masa. Ya sa kuɗi 350,000. Duk wanda ya san SE846 ya san dala 999 aka sayar da shi lokacin da ya fito a 2013, wanda aka sabunta a 2022 kuma dala 899. A canjin yau ya haura naira miliyan ɗaya tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da kwastan. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma shekaru na yi ina aiki da ƙaramin samfurin Shure, wato SE215, ina burin wannan, sai zuciya ta ce je ka dai ka saurara, ai kunne ba zai yaudare ka ba.

Kunnen kuwa bai yaudare ni ba. Hannu aka sauya mini.

Mun haɗu bayan la'asar kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi, a cikin motarsa. Ya zaro wani daga aljihun gaba, wanda ya ɗan sha hannu, har da ƙarce a jikinsa. Ya ce, "Yallaɓai, wannan nawa ne na kaina, saurara ka ji abin da za ka saya." Na jona a wayata na kunna wani aiki da ni na ɗauka da hannuna, murya ɗaya da kalangu da gurmi. Wallahi abin ya yi. In makaɗi ya matse tsirkiyar kalangu, kana jin sautin yana hawa yana sauka daki-daki. Gurmin yana gefensa bai shiga cikin muryar ba. Har jan numfashin mawaƙin kafin ya ɗauko baiti na ji. Wannan na gaske ne, ba na shakka har yanzu. Muka yi ciniki, na tura kuɗi, alat ya shiga, sai ya buɗe but ya miƙo mini sabo a kwali da ledarsa. Da na kai hannu zan yage ledar sai ya ce, "Haba Yallaɓai, a cikin ƙurar nan? Bari ka isa situdiyo, kaya ne mai tsada." Na ga kamar kulawa ce.

Ga wurin da nake so ku tsaya ku fahimta, domin shi ne ya sa wasu da ya cuta har yau ba su san an cuce su ba. Da na isa situdiyona a Yelwa na buɗe, minti na farko jabun bai yi kama da jabu ba. Ƙara gare shi, bes, wato kaurin sauti, kuma kamar ana dukan ƙirji. Yarona da ke koyon aiki ya sa a kunne ya ce, "Oga, ai wannan ya ninka tsohon naka!" Haka kunnen ɗan Adam yake. In aka ƙara ƙarfin sauti, kaurin ƙasa da tsinin sama sun fi fitowa, sai mutum ya ɗauka kyau ne ya ƙaru. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna wannan. Masu haɗa jabu sun san haka sarai, shi ya sa suke cika bes su bar sauran.

Sai da na rage ƙarar ta yi daidai da ta tsohon SE215 ɗina, na maimaita aikin nan na kalangu, asiri ya tonu. Kalangun ya koma dum-dum kawai, hawa da saukar nan sun ɓace. Gurmi ya nutse a ƙarƙashin bes. Muryar kuma kamar an rufa wa mawaƙin bargo: ƙ ta koma k, ɗ da d ba ka rarrabewa, amma "s" da "ts" suna sukar kunne kamar allura. Tsohon iyafis ɗina mai sifika ɗaya tal, wanda sabonsa wajen dala 100 ne kawai, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Washegari na kai wa wani mai gyaran waya da na yarda da shi. Ya ɗora a ƙarƙashin fitilarsa mai gilashin ƙara girma, ya ɓanɓare gefe ɗaya a hankali, ya ce, "Malam, matso ka gani da idonka." SE846 na gaske ƙananan sifiku huɗu ne a kowane kunne, irin masu siffar ɗan akwatin ƙarfe, biyu na bes, ɗaya na tsakiya, ɗaya na sama. A cikin nawa, 'yar sifika zagayayya guda ɗaya ce ke aiki, irin ta iyafis ɗin da ake rataye wa a bakin tasha. Sauran 'yan ƙarafa ne aka liƙa da gam don a hango su ta jikin robar, ko waya ba a jona musu ba. Bakin da ke shiga kunne kuma, a na gaske ana kwance shi da wani ɗan makulli da ke zuwa cikin kwali, a sauya matatar sauti da ke ciki. Nawa a manne yake, makullin ado ne kawai.

Na kira lambarsa, a kashe. Har yau a kashe.

Don haka duk wanda za ka biya kuɗinsa, shi za ka saurara, ba ɗan'uwansa ba. A buɗe kwali a gabanka, a jona a wayarka, da waƙa ko karatun da ka sani kamar yunwar cikinka. Kada ka yarda da abin da mai kaya zai kunna maka, shi ya san wanda ke ɓoye aibin kayansa. Karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba ji ya fi komai tona asiri, saboda murya ce tsirara, in haruffa ba su fita ba nan take za ka gane. Ka tafi da tsohon iyafis ɗinka, ka daidaita ƙarar su biyun kafin ka yanke hukunci, kuma ka tabbata robar ta toshe kunnenka sosai, don ko na gaske ne in iska na shiga bes ɗinsa guduwa yake. Leda da kwali da lamba a jikin kwali ba shaida ba ne, duk ana buga su. Wanda ya ce kada ka buɗe sai ka je gida, ka ajiye masa kayansa.

Yanzu na ji yana tallar wani iyafis mai tsada, Sennheiser IE 900, ma a wajen Gombe, da sabuwar lamba. Wannan ya fi haɗari, domin na gaskensa ma sifika ɗaya ce mai faɗin milimita 7 a cikin gidan alminiyam, ba ka ganin cikinsa, kuma yana daga cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan sifika ba shi ne kyan sauti ba, don haka masu cewa "guda takwas ne a ciki" kada su ruɗe ku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaran da ke tara kuɗin waƙa kwabo-kwabo. In kuɗinka bai kai ba, akwai na gaskiya masu araha. Moondrop Chu da 7Hz Zero kowanne wajen dala 20 ne, ba su yi ƙaryar zama wani abu ba, kuma za ka iya duba aikinka da su ka gane inda murya ta nutse.

Na kai ƙara da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma sanar da bankina. Wanda ya faɗa hannunsa kada kunya ta hana shi magana, EFCC na da ofis a Gombe, kuma yawan masu ƙara shi ke sa a bi asusun da kuɗin ke shiga. Jabun yana nan na ajiye a situdiyo, kunne ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Duk wanda ya san wurina a Yelwa ya biyo da wayarsa, in jona masa shi da tsohon nawa ya ji da kunnensa.