Gyaran benayen Grand Parc: abin da na gani a gidan gwaggona

Gwaggona ta yi shekaru tana haya a gidajen gwamnati na Grand Parc, a birnin Bordo na Faransa. Tsofaffin benaye ne na farkon shekarun 1960, irin waɗanda ake cewa a rushe. Masu zanen gine-gine Lacaton da Vassal suka ce a'a, gyara za a yi. Gidaje 530 aka gyara, kuma ba a tashi kowa ba.

Abin da ya burge ni shi ne baranda mai rufi da aka ƙara wa kowane gida a gaba, faɗinta da rumfar waje kusan mita 4. Da hunturu rana tana dumama ta, sanyi ba ya ratsa falo, sai ka ga ba a kunna na'urar dumama ɗaki sosai. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma can, ga tukwanen barkono, kamar zauren gidanmu na Zinder. Ashe Vassal ya zauna Yamai shekaru, ba mamaki.

Da bazara dai sai an ja labule masu kauri. Ranar da na manta, Gwaggo ta ce: "Kai yaro, so kake ka gasa mu?"

Kuɗin haya bai ƙaru ba. Ni dai na ba aikin tara cikin goma.