Wake mai jure cuta: maigadi ɗaya ko shingen ƙaya?

Malam, tambayarka ta kwana biyu a raina. Ga waɗanda ta wuce su, ɗan'uwanmu ne na wajen Gumel ya ce damina uku ke nan yana shuka sabon irin wake da aka ce masa mai jure cuta ne. Shekara biyu ganye tas. Bana tabo ya kama shi, ganye ya yi ɗorawa ya kakkaɓe tun kwanso bai cika ba, harawa ma ba ta samu ba. Ɗan Ilan maƙwabcinsa kuwa, wato tsohon irin waken gida, kowace shekara da 'yan tabbunansa, amma bai taɓa tsiraicewa ba. Wanne zai riƙe baɗi?

Cututtukan nan na tabon ganye da tsatsa da ruɓewar kara, dangin fumfuna ne ke kawo su, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Wake kuma yana kare kansa da abin da ya gada, wato ƙwayoyin gado, waɗanda a jikinsa sun kusa 30,000. To juriyar iri biyu ce, kuma bambancinsu ne amsar tambayarka.

Ta farko ƙwayar gado guda ce ke riƙe da ita. Kamar maigadi take, wanda ya san fuskar ɓarawo ɗaya tak. Fumfuna na huda ganye sai ta saki wasu sinadarai don ta kashe wa shukar jiki. Idan waken na da ƙwayar da ta san ɗaya daga cikin sinadaran nan, nan take yake kashe ɗan wurin da aka shigo ta nan, yadda ake ƙona gefen gona don tare gobarar daji. Ka ɗaga irin wannan ganye a rana za ka ga ɗige-ɗige ƙanana kamar kan allura, sun tsaya cik, ba sa faɗaɗa. Wani masani a Amurka, Harold Flor, shi ya gano wannan tsari a shekarun 1940 yana binciken tsatsar wata shukar zare ta ƙasarsu: kowace ƙwayar kariya a jikin shuka tana da takwararta a jikin cutar, sai sun haɗu kariya ke aiki. Nan ne kuma rauninta. Fumfuna tana hayayyafa miliyoyi a gona guda. Ɗaya ta sauya kama, maigadi bai gane ta ba, kuma duk unguwa iri ɗaya aka shuka, ai ta samu gari babu ƙofa.

An ga haka ƙiri-ƙiri. A Kalifoniya akwai wake dangin namu sak, CB46, da ya jure nau'i na 3 na cutar Fusariyam mai toshe jijiyoyin shuka ta yanƙwane, amma nau'i na 4 yana kama shi, shi kuwa CB27 yana jure duka biyun. A waken Turawa ma, wanda aka fi nomawa a Amurka ta Kudu da Gabashin Afirka, an dogara shekaru da ƙwaya guda mai suna Co-2 wajen tare cutar antaraknos, wata cutar fumfuna mai sa tabo a kara da kwanso, har sababbin nau'o'i suka ɓullo suka tsallake ta.

Ta biyu ba ta da maigadi, shinge ce ta ƙaya. Ƙwayoyin gado masu yawa ne kowace ta kawo ɗan reshenta: wannan ta ƙara wa fatar ganye kauri, waccan ta rage saurin faɗaɗar tabo, wata ta sa fumfunar ta jinkirta fitar da ƙurar da take yaɗuwa da ita. Akuya mai naci za ta kutsa, amma a wahalce. Shi ya sa irin wannan wake ba ya rabuwa da tabo, kuma a shekarar da marka ta yi nauyi zai ji jiki. Sai dai kafin cutar ta gama cin gona, kwanso ya riga ya ƙosa. Sauya kama sau ɗaya kuma ba ya isar fumfuna ta rushe shingen. Tsohon irin gida yana da wata riba a kan wannan: yawanci gauraye yake, tushe da tushe ba ɗaya suke ba, abin da ya kayar da wannan sai ya bar na kusa da shi.

Me ya sa masu kyautata iri suka fi kama ta farko? Sauƙi. Ka barbara mai juriya da maras juriya, a jikoki za ka samu kusan uku masu juriya, ɗaya maras ita, idan ƙwayar mai rinjaye ce. Lissafin Mendel, masanin da ya gano dokokin gado, ke nan tun shekarun 1860. Ana gani da ido, a ware. Ta biyu kuwa sai an yi damuna da dama ana gwadawa a wurare daban-daban, domin ruwa da ƙasa suna rufe gaskiyarta. Dabarar da ake bi yanzu ita ce a tara masu gadi da yawa a iri guda. Wani tsohon waken gargajiya na Meziko, G2333, yana ɗauke da ƙwayoyi uku na tare antaraknos, shi ya sa ake ta barbara da shi.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarka take, Malam. Kalmar "mai jure cuta" a bakin mai sayar da iri tana da faɗi. SAMPEA 10, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta samar da lamba IT97K-499-35, an san shi ne da jure ƙuduji. SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, tsutsar da ke cin fure da kwanso aka yi shi dominta. Ƙuduji shuka ce, tsutsa ƙwaro ce, kariyarsu ba ta shafi fumfuna ba. A ganina, kafin ka ce cuta ta sauya kama a gonarka, duba takardar buhun idan tana nan. Mai yiwuwa shekara biyun farko ruwa ne bai yi wa fumfunar daɗi ba.

Wani a cikinmu ya ce iri ne ya gaji. Wake shi ke barbarar kansa tun fure bai buɗe ba, ƙudan zuma ne kawai kan ɗan gauraya shi jefi-jefi, don haka abin da ya gada yana nan a irin da ka ajiye. Abin da kan faru shi ne cakuɗewa a masussuka ko a mudun kasuwa, ko kuma cutar ta biyo ƙwayar waken kanta. Antaraknos da cutar da ke sa kwanso ya yi jaja-jaja ya bushe duk suna bin iri. Na taɓa ɓare kwanso mai tabo a lotse, na tarar da waken ciki da ɗan baƙi-baƙi a gefe, ga shi fari ƙal ta ɗaya ɓarin. Irin wannan ne ke shigewa buhun iri ba a lura ba.

Wuri ma yana da ta cewa. A kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa, ruwa ya fi yawa, cututtukan ganye da kwanso su ne abin tsoro. Ku kuwa a jigawar Gumel da Maigatari akwai wata da ta fi son zafi da fari, Makrofomina. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha, sai ka ga tushe ya bushe a tsaye. Tsaga karan daga gindi, za ka ga baƙin ɗigo birjik kamar an barbaɗa garin gawayi. Tana shekaru a ƙasa, tana cin dawa da gyaɗa da riɗi, don haka juya shuka ba ya korar ta da sauri. Juriyar wake gare ta irin ta shinge ce, ƙwayoyi da yawa, kuma takin gida da ke riƙe laima yana taimaka wa shingen sosai.

Da gonata ce, ba zan zubar da ko ɗaya ba. Sabon iri yana nuna da wuri, kwana saba'in zuwa tamanin ka tsinka, wannan ma tsere wa cuta ne. Ɗan Ila kuma ga harawa ga haƙuri. Ka raba gonar biyu, ka zaɓi irin daga kwanso mai tsabta tun a gona, ka cuɗa shi da garin maganin iri kafin shuka, kada kuma a bar yara su ratsa kunyoyin da sassafe raɓa na kwance, domin a jikin riga da ƙafa ƙurar ke tafiya. Idan tabon ya dawo, juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga toka-toka mai goguwa a yatsa, Sakospora ce, fumfunar tabon ganye. Tsinki ganye biyar, sa a takarda, kada ka sa a leda don zai ruɓe, ka kai wa malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, tare da sunan irin.