Fulawa daga Duwala zuwa Garwa: tashar jirgin Ngaundere ko tirela kai tsaye?

Alhaji, barka da kasuwa. Ka tambaya ko fulawarka daga Duwala zuwa Garwa ta bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ta hau tirela kai tsaye. Buhu 300 na fulawa mai kilo 50 tan 15 ke nan, wajen rabin lodin tirela. Da wannan adadin, ka nemi tirela mai zuwa Garwa kai tsaye, ka bar wa masu kwantena jirgin ƙasa.

Abin da zai raba maka gardama shi ne sau nawa hannu zai taɓa buhunka. A tirela sau biyu ne: a ɗora a Duwala, a sauke a ƙofar sitonka. Ta jirgi kuwa, layin dogo a Ngaundere ya tsaya tun da ya iso a 1974, saura kusan kilomita 280 zuwa Garwa dole mota ce. Wato daga sito zuwa mota, daga mota zuwa tarago, daga tarago zuwa wata motar, sannan shagonka. Kowane saukale akwai kuɗin 'yan dako a kan kowane buhu, akwai wanda zai fashe, akwai wanda zai kwana a ƙasa ya sha raɓa. Fulawa ba ta yafe wannan. In danshi ya shiga gefe ɗaya sai ta dunƙule, mai gidan burodi kuma ya dawo maka da ita.

Ban ce jirgin ba shi da amfani ba. Mai cika tarago ko kwantena, mai siminti, taki ko ƙarfe, yana samun sauƙin kuɗi a kan tan, shi ya sa tashar Camrail, kamfanin jirgin ƙasa, ta Ngaundere ba ta rabuwa da manyan motoci masu jiran lodi. Amma mai tan 15 jiran tarago zai yi, sannan ya sake jiran mota.

Garejin tirela mai tsari kuwa, ka shiga ka ga aiki. Akwai ofis, akwai littafi, akwai mai ƙirga yana tsaye a gindin mota da alli, kowane buhu goma ya ja layi ɗaya a jikin bodi, kai ma yaronka yana nasa ƙirgan a gefe, sai lissafi ya zo ɗaya a ɗaure. Masu garejin ne za su haɗa ka da wani ɗan kasuwa mai zuwa Garwa ko Marwa ku cika motar tare. Nan ka tsaya ka tambayi me zai ɗora. Kada ka yarda a haɗa fulawa da sabulu, taki, kananzir ko fenti, don tana jan wari. Ka hau ka duba ƙasan motar da kanka, ka shinshina. In ta taɓa ɗaukar gas ko busasshen kifi, a canza. A shimfiɗa katako ko leda mai kauri kafin buhun farko, a rufe da tampol biyu, na sama ya sauko ya rufe gefuna, domin daga Yawunde zuwa Bertuwa, Garwa-Bulai har Meiganga ruwa kan iya sauka ko lokacin da mu nan arewa muke cikin rani. Tafiyar kusan kilomita 1,400 ce.

Nauyi ma ka sa ido. Dokar Kamaru tan 50 ce mota da kayanta, tan 13 a kan gatari guda, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi. Direban da ya ƙara lodin kansa a hanya, in ya hau sikeli za a tsare motar sai an biya tara an rage kaya, naka kuma yana ciki yana jira. Mafi muni shi ne gangaren dutsen nan bayan an bar Ngaundere za a nufi Garwa: mota mai nauyin da ya wuce ƙima birkinta zafi yake yi ya saki. Ka tambayi jimillar abin da za a ɗora, a rubuta a takardar lodi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kamashon da ba su da ofis. Mutum zai nuna maka tirela a fake ya ce tasa ce, ya karɓi rabin kuɗi ta Orange Money, ka dawo ka tarar direban bai ma san shi ba. Kada ka ba da ko dala sai ka ga direba ido da ido, ka ɗauki hoton lasisinsa, da katin mallakar motar, da lambar kai da ta bodi, don sau da yawa ba ɗaya ba ce. Ka karɓi lambar mai motar ka kira shi a gabansu. Akwai kuma masu tsiyayar kilo ɗaya ko biyu daga buhu su ɗinke, adadi ya cika amma nauyi ya ragu. Maganinsu ka sa wa kowane buhu alamar fenti a kan ɗinkin baki, in an sauke ka zaɓi goma daga wurare daban-daban ka auna.

'Yan uwanmu masu wucewa da kaya Cadi, ta Kusiri da gadar Ngeli ko ta Tuboro zuwa Mundu, nasu daban ne. Akwai takardun duwan na kayan wucewa, da ofisoshin kula da lodin motoci, BGFT a Kamaru da BNFT a Cadi, kuma yarjejeniyar ƙasashen biyu ta ba motocin Cadi kashi 65 na lodin. Kai da za ka tsaya a Garwa wannan bai shafe ka ba.

Ka biya rabi a Duwala bayan an ɗaure tampol, ragowar sai an sauke an ƙirga a Garwa. A rubuta a takardar cewa duk buhun da ya ɓace ko ya jiƙe za a cire kuɗinsa daga ragowar, direba da mai gareji su sa hannu.