Ɗan card reader na USB da na saya, ra'ayina bayan wata biyu

Gaskiya ni na jawo wa kaina, na zauna na haɗa kernel (zuciyar tsarin Linux) da hannuna a Gentoo, wani nau'in Linux, sai na manta ban kunna direbobin ramin katin memori, wato MMC da rtsx_pci, ba, shi ne fa ramin memori na jikin laptop ɗina ya yi shiru kamar babu shi, lspci, umarnin da ke jero kayan cikin kwamfuta, yana nuna cip ɗin Realtek na ramin amma in na sa kati ko motsi dmesg, mai nuna saƙonnin kernel, baya yi. Ga hotunan biki a kyamara ana jira. Haka na fita na sayo ɗan ƙaramin reader na USB mara suna, mai rami biyu, SD da microSD.

Abin da ya burge ni, ina sokawa ya fito a /dev/sdb, sunan da Linux ya ba shi, don shi direban usb-storage kawai yake buƙata irin na filashi, ba ruwansa da wani direba na musamman. Katina 64GB ne, mai tsarin ajiyar fayil na exFAT, shi ma ya buɗe tunda sabon direban exFAT ya shiga kernel tun sigar 5.7.

Amma fa USB 2.0 ne, kwafin bidiyo sai ka sha shayi ka dawo, kuma robar jikinsa ba ƙwari, yana ɗan ɗumi in aiki ya yi tsawo.

Daga baya na sake haɗa kernel ɗin, na ciki ya dawo a /dev/mmcblk0, kuma ya fi sauri. Shi na USB ɗin yana jaka dai saboda kwamfutar mutane.