Taswirar Harvey ta Torridon da Fisherfield: ta isa jagora, amma sai an iya karatunta

A Sikotlan akwai tsaunuka 282 da tsayinsu ya kai ƙafa 3,000, wato mita 914.4. Ana kiransu Munro, da sunan Sir Hugh Munro wanda ya fara jera su a 1891. A cikinsu, A' Mhaighdean ne masu hawa suka fi cewa ya fi kowanne nisa da titin mota. Yana can tsakiyar Fisherfield, a arewa maso yammacin ƙasar, inda babu ƙauye, babu allon nuna hanya, sabis ɗin waya kuwa sai a kan tudu, shi ma in an taki sa'a. A wuri irin wannan, taswirar hannu da kamfas su ne idon matafiyi. Wadda ake dubawa a nan ita ce ta kamfanin Harvey mai suna Torridon & Fisherfield, daga jerin British Mountain Map.

Abin da ya fara jan hankali shi ne faɗin ƙasar da ta ɗauka. Ma'auninta 1:40,000 ne: santimita biyu da rabi a kan taswira kilomita ɗaya ne a ƙasa. Da wannan ta haɗa tsaunukan Liathach, Beinn Eighe da Beinn Alligin na yankin Torridon, da Slioch, An Teallach da tsaunukan Fisherfield a falle guda. Wanda ya dogara da taswirar Landranger ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirorin Birtaniya, mai ma'aunin 1:50,000, sai ya riƙe falle na 19 da na 24 da na 25, domin tsaunukan Torridon sun faɗo daidai inda fallayen suka haɗu. Ba ƙaramin aiki ba ne jera taswira biyu a kan gwiwa iska tana kaɗawa.

Ba a kan takarda aka buga ta ba, a kan wata leda ce mai ƙwari. Ruwa ba ya jiƙa ta, ba ta yagewa da sauƙi, kuma ta fi taswirar da aka lulluɓe da roba rashin nauyi nesa ba kusa ba. Ana iya ninke ta yadda aka ga dama a cusa a aljihun riga. Ta fi ta takarda tsada, amma a ƙasar da ruwa ke iya wuni yana zuba, kuɗin bai tafi a banza ba. Aibinta a nan biyu ne. Idan aka daɗe ana ninke ta a wuri ɗaya, tawadar kan koɗe a bakin ninkin, kuma abin haushi, sau da yawa nan ne mahaɗar hanyar da ake nema. Na biyu, santsi gare ta. In ta suɓuce daga safar hannu a kan tudu, iska ta yi gaba da ita. A saka ta cikin jaka mai igiya, ko a tabbatar wani a cikin ayarin yana da ta biyu. A kuma kiyaye ta daga maganin shafawa mai sinadarin DEET, wanda ake yawan amfani da shi saboda ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar yankin daga Yuni zuwa Agusta. Sinadarin yana cin roba, har farantin kamfas bai bari ba.

Inda ake tafka kuskure shi ne layukan tsayi, wato layukan da ke nuna hawa da gangaren ƙasa a kan taswira. A Landranger, tsakanin layi da layi mita 10 ne. A taswirar Harvey mita 15 ne, da layi mai kauri a kowace mita 75. Idon da ya saba da ta farko zai yaudari mai shi. A ɗauki gangaren da layukansa ke da tazarar milimita ɗaya. A Landranger, an hau mita 10 ke nan cikin tafiyar mita 50, karkata ta digiri 11, ana tafiya ana hira. A Harvey kuwa, an hau mita 15 cikin mita 40, digiri 20 da ɗoriya, wanda ke sa mai ɗauke da jakar kwana biyu haki. Zanen iri ɗaya ne a ido, tsinin ya kusa ninkawa.

Haka lissafin lokaci. Ƙa'idar Naismith ta 1892 ta ba da sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Shi ya sa mutane suka saba ƙirga minti ɗaya ga kowane layin tsayi na Landranger. A wannan taswirar minti ɗaya da rabi ne. Wanda ya ƙirga layi 40 ya ce minti 40, ya ci kansa da minti 20, domin mita 600 ce a gabansa ba 400 ba. Zagayen tsaunukan Fisherfield daga ɗakin mafaka na Shenavall ya kusa kilomita 30, hawansa ya haura mita 2,000. Kuskuren da ake maimaitawa a kowane tudu yana iya taruwa ya wuce sa'a guda, a tafiyar da dama can takan ci sa'a 12 ko fiye. Haka dare ke riskar mutane a bakin kogi.

Ma'aunin ma yana son lura: milimita ɗaya mita 40 ce. Kamfas da yawa ma'aunin 1:25,000 da 1:50,000 kawai ke jikinsu. A duba kafin a fita. Akwai masu ɗauke da 1:40,000, kuma su suka dace da ita.

Da zarar ido ya saba, kyanta yake fitowa. Harvey ba ta cika shafi da iyakokin mulki da tarkacen alamomi ba, don haka surar ƙasa tana fitowa fes. Launi yana sauyawa gwargwadon tsayi, a kallo ɗaya an gane kwari an gane tudu. Inda ƙasa ta zama dutse zalla, layukan tsayin kan koma ruwan toka, maimakon a rufe su da zanen duwatsu har su ɓace. Wannan yana da amfani ƙwarai idan hazo ya sauko, mutum ba ya ganin abin da ya wuce taku ashirin, surar gangaren da ke ƙarƙashin ƙafarsa kaɗai ce shaidar inda yake. Bayan fallen akwai taswirar ire-iren duwatsun yankin. Da yawa ba sa ko juya ta, alhali tana gaya wa mutum abin da zai taka: farin dutsen da ya rufe Sgùrr Bàn, alal misali, in ya jiƙe santsinsa kamar an shafa sabulu, tafiya a kansa takan ci lokaci fiye da yadda kowane lissafi ya nuna.

Akwai abin da wannan ma'auni ba zai iya ɗauka ba. Daga mashigar da ke tsakanin A' Mhaighdean da Ruadh Stac Mòr, wani bangon jan dutse ya tare hanya, kuma ta wata 'yar kafa ake bi a haura, ƙasarta duk tsakuwa mai zamewa. A taswira duk wannan bai wuce 'yan milimita ba. Mai hawa yana ganin kafar daga ƙasa. Mai saukowa cikin hazo shi ne a haɗari, don daga sama ba ta bayyana sai an zo bakinta. Ga irin wannan gurbi, Explorer ta Ordnance Survey mai 1:25,000 ta fi ba da sarari, ko da yake ita ma ba za ta maye gurbin karanta bayanin hanyar tun daga gida ba.

Sai koguna. Yawancin mutane daga Corrie Hallie suke tashi, a kan titin A832, su yi tafiyar sa'a biyu zuwa uku su kwana a Shenavall, ɗakin mafaka na kyauta da ƙungiyar Mountain Bothies Association ke kula da shi. Daga nan sai an tsallake kogin Abhainn Srath na Sealga, a dawowa kuma sau da yawa har da Abhainn Gleann na Muice, da dausayi mai nutsar da ƙafa a tsakaninsu. Babu gada ko ɗaya. Taswirar ta zana su daidai, shuɗin layi siriri, kuma haka layin zai kasance ko ruwan yana idon sawu ko ya kai ƙugu. Kwarurukan suna da tsini, ƙasar ba ta shan ruwa, saboda haka kogin da aka tsallake da asuba ana dariya yana iya cika kafin la'asar. A karanta hasashen yanayi na MWIS, masu hasashen yanayin tsaunuka, na yankin arewa maso yamma kafin a baro gari, a ɗauki abincin ƙarin yini, a kuma duba taswirar tun da wuri a san ta ina za a zagaya in ruwa ya hana. In abu ya ɓaci kuma an samu sabis, a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan masu ceton kan dutse, a karanto musu haruffa biyu da lambobi shida na inda ake daga layukan murabba'in da ke kan taswirar.

Ga mai tafiyar kwana biyu ko uku a wannan yanki, ita ce zaɓin farko. Wanda bai taɓa riƙe taswirar Harvey ba kuwa, ya fara gwada ta a hanya mai sauƙi kamar ta Coire Mhic Nobuil da ke Torridon, ranar da gari ya waye tas, yana ƙirga layuka yana duba agogo, kafin ya doshi Shenavall.