Siririyar kwamfuta: MacBook Air, X1 Carbon ko EliteBook, wacce za ka ɗauka?

Kwamfutar da na fara mallaka ta haura kilo biyu da rabi, ban da cajarta mai kama da rabin bulo. Shekara uku ina rataye da ita daga gida zuwa bakin titi, daga adaidaita zuwa wurin aiki, har kafaɗata ta hagu ta san da zamanta. Shi ya sa idan wani ya ce mini siririya marar nauyi yake nema, ba na ɗaukarsa mai son gayu. Sai dai siranta ba kyauta ba ce. Kafin kamfani ya matse kwamfuta ta dawo kaurin littafin rubutu, dole ya bar wani abu, kuma abin da ya bari ɗin shi ya kamata mai saye ya fara tambaya tun kafin ya tambayi kuɗi.

Abin da aka fi bari shi ne damar ƙara RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. A yawancin sirara an narka shi da dalma a jikin bod, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Wadda ka saya da 8GB da 8GB za ta tsufa a hannunka, ko wane gwani ka kai wa. Don haka in kana da halin 16GB, ka ɗauka tun ranar ciniki, ko da hakan zai sa ka haƙura da babban ma'aji. Ma'aji ana iya cike giɓinsa da na waje, RAM kuwa babu dabara.

Tun da Steve Jobs na kamfanin Apple ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan a Janairun 2008, da ita ake auna sauran. Amma wadda ta cancanci kuɗinka ta fara ne daga ƙarshen 2020, lokacin da Apple ya ajiye furosesan Intel ya sa nasa mai suna M1. Nauyinta kilo 1.29, mai M2 ta 2022 kuma 1.24. Abin da ya fi burge ni game da ita ba siranta ba ce, rashin fanka ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyara bayan hunturu ya ga abin da nake nufi: ana kwance murfin ƙasa, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, ta toshe hanyar iska, kwamfutar tana ta huci tana mutuwa da kanta. Air ba ta zuƙar iska, don haka ba ta haɗiyar wannan ƙurar, kuma ko tsakar dare ba ka jin motsinta. Amma idan ka ɗora mata aiki mai nauyi na dogon lokaci, kamar haɗa dogon bidiyo, sai ta rage gudu da kanta don ta huce. Apple ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram zafin Afrilu kan haura 40. Mai rubutu da lissafi ba zai lura ba, mai bidiyo a ɗakin da babu sanyi zai lura.

A wajen batir kuwa, a gaskiya ta yi wa sa'o'inta fintinkau. Kamfanin ya ce mai M1 na iya kai awa 18 ana kallon bidiyo. Aikin yau da kullum bai kai haka ba, amma in batirin na da lafiya za ka yini da ita ba ka nemi soket ba. Cajarta wat 30 ce kacal, ƙaramar sola ko fawa banki mai ƙarfi ya ishe ta. Ga wanda wuta ke zuwa unguwarsu jefi-jefi, wannan kaɗai kan yanke hukunci.

Ga inda take ciwo. Mai M1 ƙofofin USB-C biyu kawai gare ta sai ta iyafis, saboda haka filashin da abokin aiki zai miƙo maka ko firojektan ɗakin taro duk sai da adafta. Ma'ajinta ma a liƙe yake kamar RAM ɗin. Sikirin in ya fashe, kuɗin sauya shi na iya sayen wata kwamfutar ta hannu. Sannan akwai manhajojin da ba a yi su don Mac ba: Revit, SolidWorks, ArcGIS Pro, Microsoft Access. Ɗalibin zanen gini ko injiniya ko taswira ya fara tambayar sashensu abin da ake koyarwa da shi. Kuma a kula, Air mai Intel ta farkon 2020 kamanninta ɗaya da mai M1, sai ka buɗe bayaninta ka gani da idonka. Ta 2018 da ta 2019 kuwa a bar su, kibod ɗinsu irin wanda ɗan tsakuwa ko ƙura ke maƙalewa a ƙarƙashinsa ne, har kamfanin ya daina yinsa.

In Windows kake so, wadda zan fara ɗorawa kan tebur ita ce ThinkPad X1 Carbon. Sunan ThinkPad na IBM ne kafin Lenovo ya saye sashen a 2005, X1 Carbon kuma ta fito a 2012. Sikirinta inci 14 ne, amma nauyinta wajen kilo 1.1, wato ta fi Air sauƙin ɗauka. Duk da haka ba su yi rowar ƙofofi ba: USB irin na da guda biyu, USB-C biyu, ga HDMI. Ka shiga ɗakin taro ka jona kawai. Kibod ɗinta kuma ban taɓa irinsa a siririyar kwamfuta ba, maɓallan na da zurfi, yatsa na sauka ya dawo ba tare da gajiya ba. Mai buga shafuka ashirin a rana, lauya ko ɗan jarida ko mai rubuta kundin digiri, ya gwada shi minti biyar zai gane. SSD ɗinta, wato ma'ajinta, ana sauyawa, batirin ma da sukurori aka ɗaure shi. RAM ne dai a liƙe. Tana da fanka, don haka tana son a riƙa kai ta a hure mata ƙura, kuma batirinta ba ya kaiwa inda na Air ke kaiwa.

Sai waɗanda ba su kai waɗannan siranta ba amma su ne suka cika shagunan Titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja: kwamfutocin ofis na hannu da ake kwasowa daga Turai da Amurka. HP EliteBook 840 G5 tana wajen kilo ɗaya da rabi. Ƙarin nauyin nan da bai kai na ledar ruwa ɗaya ba, ga abin da yake saya maka: gurbin RAM biyu da za ka cika a duk lokacin da kuɗi ya zo, ƙofar wayar intanet, da tarin kayan gyara. Batir, kibod, sikirin, caja, duk wanda ya lalace za ka samu a layi ɗaya, kuma kusan kowane mai gyara ya taɓa kwance irinta. ThinkPad T480s ta fi ta sauƙi, wajen kilo 1.3, da gurbin RAM ɗaya da ake iya ƙarawa. Dell Latitude 7490 ma 'yar gidansu ce. Amma kada sunan EliteBook ya ruɗe ka, x360 1030 mai lanƙwasawa RAM ɗinta a liƙe yake. Ni dai ina ganin ga mutumin da kuɗin nan ya tara su a hankali, kuma yake zaune nesa da manyan kasuwanni, wannan rukunin ya fi kwanciyar hankali.

Akwai wasu da zan wuce su da sauri. Dell XPS 13 kyakkyawa ce, sikirinta sai kallo, amma sababbin ƙofa biyu ce tak, wasu ma an cire musu ta iyafis. LG Gram mai inci 14 ba ta cika kilo ɗaya ba, mai inci 17 kuma wajen 1.35, abin mamaki a hannu, sai dai kayan gyaranta ba sa yawo a kasuwanninmu. Asus Zenbook 14 mai sikirin OLED zaɓi ne mai kyau ga mai son sabuwa fil a kwali. Masu furosesan Snapdragon X da suka fito a 2024 batirinsu na jimawa sosai, amma wasu tsofaffin manhajoji da firintoci ba sa jituwa da su. Waɗanda zan ce a guje musu kai tsaye su ne sirara masu arha da furosesan Celeron, RAM 4GB da ma'ajin eMMC. Siffarsu ta birgewa, cikinsu kuwa fanko.

Bara ɗan yayata ya shigo gida da murna, ya ajiye mini wata fara ƙal a kan tabarma. "Kawu, i7 ce fa, mai shagon ya ce babu ta biyunta." Na juya ta, na buɗe bayaninta, sai ga furosesanta i7-7500U ne. Na ce masa, "Ɗana, lambar da ke bayan i7 ɗin ita ce magana." Bakwai ɗin farko na nufin zubi na 7 ne, kuma wannan i7 ɗin ƙwaƙwalwa biyu ce a cikinsa, alhali i5-8250U na zubi na 8 yana da huɗu. Wato i5 ɗin da ya raina ya fi ƙarfi. Bayan haka Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 yake karɓa. Ana iya cusa shi ta bayan gida, masu shago da yawa haka suke yi, amma ba irin abin da za ka ɗora aikin shekara huɗu a kansa ba ne. Jikinsa ya yi sanyi. Washegari muka koma tare, bayan doguwar magana mai shagon ya yarda muka yi ciko aka sauya. Don haka EliteBook 840 G3 da G4, da ba su kai zubi na 8 ba, komai ƙyallinsu, a yanzu ba na ba kowa shawararsu.

In ka je saye, kada ka bari gaggawar mai shago ta zama taka. Ka zauna, ka zare caja, ka yi aiki da ita rabin awa ka ga yadda batir ke sauka. A Windows ka buga powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa yanzu. A Mac ka duba sau nawa aka cika shi, an ƙiyasta masa 1000 ne. Ka tabbatar mai ita na baya ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba ka sayi ƙarfe ne kawai. Kwamfutocin ofis kuma wasu na zuwa da makullin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko na kamfanin da ya yi amfani da su, don haka ka shiga BIOS a gabansa, ka jona ta da intanet kafin ka biya. Ka buɗe farin shafi ka nemi tabo a sikirin, ka danna kowane maɓalli, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko hinjin ya saki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da kibod irin na Faransa mai farawa da AZERTY, amma ɗan Najeriya da ya saba da QWERTY ya duba jerin haruffan, domin irin waɗannan na ratsowa cikin kaya. Cajar ma ka karɓi ta asali, jabu ita ke cinye batir da bod.

Da ni za a tambaya: mai yawan tafiya ko mai fama da rashin wuta, wanda aikinsa rubutu ne da intanet da taro ta bidiyo, ya ɗauki Air, M1 in kuɗi ya gaza, M4 ta 2025 in da hali, tunda ita da 16GB take farawa. Wanda aikinsa ya ɗaure shi da Windows kuma kullum kwamfutar tana bayansa, X1 Carbon daga samfurinta na 6 na 2018 zuwa sama, mai 16GB. Ɗan yayan nawa kuwa 840 G5 mai 8GB muka ɗauko masa, da aka biya shi alawus na wata uku ya je ya ƙara wani 8GB ɗin, mai gyara ya kwance sukurori ya sa masa cikin minti goma.