Ashwagandha ko St John's wort?

Ashwagandha saiwa ce da masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna ba mai yawan tunani da rashin barci. Gwaje-gwajen da aka yi mata ƙanana ne, an kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta. Denmark ma ta hana sayar da ita a 2023.

St John's wort kuwa, tsiro mai rawayan fure, hujjarsa ta fi ƙarfi, don a Jamus likitoci na rubuta shi ga mai ciwon damuwa marar tsanani. Sai dai yana sa hanta ta gaggauta fitar da wasu magunguna, ƙwayar tazarar haihuwa da maganin ƙanjamau su rasa ƙarfi. Haɗa shi da fluoxetine, wani maganin asibiti na ciwon damuwa, kuma ganganci ne.